Uwargida, Kin San Tambarin Nan Mai Kama Da Gidan Dara?

A yau zancenmu ya shafi wani ɗan zane ne mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, wanda ya zama ruwan dare a birnin Kano, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da yake ɗauke da shi. Uwargida, in kin duba kwalin magani, ko bayan kwalin waya, ko takardar shaidar ɗan ƙasa ta maigida, da wuya ki rasa shi. Har a katin gayyatar biki ma yanzu ana buga shi. Mai kallo daga nesa zai ce gidan dara ne aka zana, ko kuwa wani irin ɗinkin hula.

Sunansa Kiyu-Ar, watau haruffa biyu ne na Turanci da aka taƙaita, ma'anarsu kuwa ita ce amsa cikin hanzari. Mu dai a nan sai mu riƙa kiransa tambari don sauƙin magana. Dalilin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, tambarin nan ya fara shiga harkar kuɗi da sana'a, kuma duk abin da ya shiga tsakanin mace da 'yan kuɗinta, lalle ne ta san kansa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Asalinsa

A ƙasar Japan aka ƙirƙiro shi cikin shekarar 1994. Wani injiniya mai suna Masahiro Hara ne ya jagoranci aikin a kamfanin Denso, wanda ke ƙera sassan mota yana kai wa Toyota. Kafin wannan lokaci suna amfani ne da tsohon tambarin nan mai zara-zaran layuka a tsaye, irin wanda kike gani a jikin gwangwanin madara ko sabulu. Shi wancan an fara haska shi ne a wani kanti a Amurka cikin 1974, a jikin fakitin cingam. Damuwarsa ita ce cikinsa ƙarami ne, haruffa kamar ashirin kawai yake ɗauka, har ya kai ma'aikaci sai ya haska tambari da yawa a kan akwati ɗaya kafin ya san abin da ke ciki.

Shi Hara yana son wani wasa na mutanen ƙasarsu da ake kira Go, wanda ake jera baƙaƙe da fararen duwatsu a kan allo mai gida-gida, kusan kamar darar da mazanmu ke yi a ƙofar gida. Daga nan ya sami dabarar a riƙa rubutu a tsaye da kwance gaba ɗaya. Da aka yi haka sai ciki ya buɗe. Tambari guda yana iya ɗaukar lambobi har 7,089, ko kuwa haruffa da lambobi a haɗe har 4,296. Kamfanin kuma bai tsaya karɓar kuɗi daga masu amfani da dabarar ba, ya bar kowa ya yi ta kyauta, shi ya sa ta bazu ko'ina a duniya.

Yadda waya ke karanta shi

'Yar'uwa, ɗauko kowane kwali mai tambarin ki duba da kyau. Za ki ga an raba shi ƙananan gidaje, wasu baƙaƙe wasu farare. Mafi ƙanƙanta yana da gida 21 a tsaye 21 a kwance, mafi girma kuwa 177 a kowane gefe. Waɗannan gidaje su ne rubutun. Ita kwamfuta abu biyu kawai ta sani, akwai da babu, saboda haka sai a mai da kowane harafi ya zama jerin baƙi da fari. Mai ɗinkin hula ta san wannan, domin ita ma ƙirga gida take yi, ta cike wannan ta tsallake wancan, har ado ya fito.

Sa'an nan za ki ga manyan murabba'ai guda uku a kusurwoyi uku, kusurwa ta huɗu babu. Su ne ke nuna wa waya inda sama take da inda ƙasa take, don haka ko a karkace kika riƙe wayar, ko a kife, za ta karanta. Akwai kuma farin fili da ake bari kewaye da tambarin. Shi ma yana da aiki, kada a yanke shi da almakashi ko a yi rubutu a kansa.

Wani abin sha'awa shi ne ana saka ƙarin bayani a ciki saboda tsaron lalacewa. Tun da a masana'anta aka haife shi, inda baƙin mai da datti ba su da wuya, sai aka tsara shi yadda ko wani sashe ya goge waya za ta iya cike gurbin. Matakan wannan kariya huɗu ne, mafi ƙarfinsu yana jure ɓacin kusan kashi 30 cikin 100. Ke nan ɗigon manja ko ɗan yagewar gefe ba lalle ne su kashe shi ba.

Abin da ya kamata ki riƙe a nan shi ne, tambarin nan rubutu ne kawai da aka sake wa kama. Yana iya zama lambar waya, ko adireshin wani shafi a intanet, ko bayanin asusun banki, ko kwatancen gidan biki. Idonki ba zai iya bambanta na kirki da na mugu ba sai waya ta karanta, kuma a nan ne amfaninsa da haɗarinsa suka haɗu.

Yadda ya shigo mana

A ƙasar Sin mutane sun daɗe suna biyan kuɗin cefane da shi ta manhajojin WeChat da Alipay, haka nan a Indiya mai sayar da shayi a bakin hanya yakan rataye nasa. Mu a nan ya fara yawaita ne bayan annobar korona ta 2020. Katin rigakafin da aka riƙa bayarwa daga 2021 yana ɗauke da shi. A watan Janairu na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin biyan kuɗi ta wannan hanya, a watan Maris na shekarar kuma hukumar NIBSS mai sada bankuna da juna ta ƙaddamar da tsarin da ake kira NQR. Alhazanmu da suka sauke farali a 2024 sun rataya katin Nusuk a wuya a Makka da Mina, shi ma da tambarin a jikinsa.

Ba wadda za ta manta da farkon shekarar 2023, lokacin da kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A watannin nan mace na iya kwana da kuɗi a asusu amma ta rasa na sayen kayan miya. Tun daga lokacin, 'yan kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da yawa sun koma karɓar kuɗi ta waya, haka ma masu sana'ar cikin gida. Gaskiya ne har yanzu karanto lambar asusu mai lambobi 10 ya fi yawa a wurinmu, amma ke ma kin san yadda lamba ɗaya ke kuɓucewa kuɗi su tafi asusun wani. Tambarin yana rage wannan, domin waya ce ke kwashe lambar da kanta.

Wa ke zana shi?

To, a ce kina da sana'a a cikin gida, kamar yadda matan Yakasai da Mandawari da Koki da Jakara suka saba tun kaka da kakanni: ko alkaki da dubulan, ko turaren wuta da humra, ko ɗinkin hula, ko ƙunshi. Kina son ki liƙa tambari a jikin robar kayanki, yadda duk wadda ta ɗanɗana a gidan biki za ta haska ta sami lambarki ba tare da ta yi ta cigiya ba. Yaya ake samunsa?

Ba da hannu ake zana shi ba. Akwai shafuka da yawa a intanet masu yin wannan aiki. Bayan kowane irin shafin nan akwai wata kwamfuta da ke zaune a wani wuri, wataƙila a Legas, wataƙila a Jamus ko Amurka, ba ta barci dare da rana, aikinta kawai jiran aike. Masana suna kiranta saba. Idan kika rubuta lambar wayarki a shafin kika danna, sau da yawa wayarki za ta aika mata da rubutun. Ita kuma sai ta mai da haruffan jerin baƙi da fari, ta ƙara bayanin kariyar nan da muka ambata, ta zaɓi girman da zai ɗauke su, ta dasa murabba'ai ukun a kusurwoyi, ta maido miki da hoto. Duk wannan kafin ki ƙifta ido. Kamar dai ki aika yarinya da yadi wurin tela ne ta dawo da riga, sai dai wannan telan ba ya cewa a dawo jibi.

Amma ki lura da abu guda. Telan da kika kai wa yadi ya ga yadin. Duk abin da kika rubuta a irin shafin nan yana iya ratsawa ta kwamfutar wani mutum da ba ki sani ba, kuma in ya ga dama zai iya ajiye shi. Lambar wayar sana'a da sunan kaya ba su da laifi, tun da dama so kike jama'a su sani. Amma lambar sirri ta katin banki, da lambar BVN, da lambar NIN, kada ki kuskura ki rubuta su a can ko da wasa.

Iri biyu ne, kada a ruɗe ki

Nan ne masu sana'a da yawa ke yin asara. Tambarin da shafukan nan ke bayarwa iri biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Na farko shi ne wanda aka rubuta bayaninki kai tsaye a cikin gidajen. Wannan ba ya mutuwa. Ko kamfanin da ya zana shi ya rushe gobe, tambarin zai ci gaba da aiki muddin takardar tana nan.

Na biyu kuwa, abin da ke cikinsa adireshin kamfanin ne. Mai haskawa sai ta fara biyawa ta wurinsu, sa'an nan su miƙa ta gare ki. Amfaninsa shi ne kina iya sauya lambar waya ba tare da an sake bugu ba. Illarsa kuwa, wasu kamfanonin sukan ba da shi kyauta na 'yan kwanaki, in wa'adi ya cika su rufe hanya sai an biya su kuɗi duk wata. Ki duba halin matar da ta kai wa mai ɗab'i kuɗinta ya buga mata takardun liƙawa ɗari biyar, ta manna a robobin turare, bayan mako biyu duk wadda ta haska sai ta tarar da ƙofa a rufe. Ga kuɗin bugu ya tafi, ga masu saye sun ɗauka sana'ar ce ta mutu.

Gane su ba wuya. Kafin ki kai wa mai ɗab'i, ki haska tambarin da wayarki, ki kuma ba wata ta haska da tata. In abin da kika rubuta ne ya fito tsaf, to na farko ne. In kuwa wani baƙon adireshi ne ya fara bayyana, na biyu ne, sai ki tambayi sharuɗɗansa tun da wuri. In kuma mai shagon kwamfuta na unguwa ne zai yi miki, ki gaya wa ɗan aikenki ya ce masa wanda ba ya ƙarewa ake so.

Sau da yawa ma ba sai kin je wani shafi ba. Manhajar WhatsApp tana da tambarin lambarki a cikinta, kusa da sunanki a wurin saituna, kina iya ajiye hotonsa a buga miki. Na karɓar kuɗi kuwa, daga bankinki kaɗai za ki nema, ko ta manhajarsu ko a reshensu. Wajen bugu a sa baƙi a kan fari, kada a ƙanƙance shi sosai, a kuma bar masa farin filinsa.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda kuɗi suka bi, ɓarawo yana biye. A watan Janairu na 2022 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara suna liƙa nasu tambarin a kan na gaskiya, mai biya ya biya, kuɗi su faɗa asusun ɓarawo. Abin da aka yi a can ba abin da zai hana a yi shi a nan. Saboda haka ga abubuwan da za ki kiyaye.

Na ɗaya, in za ki biya kuɗi, ki shafa tambarin da yatsa ki ji ko an manna wani a kansa. Bayan kin haska, sunan mai asusun zai fito. Ki karanta shi, ki tambayi mai kaya ko sunansa ke nan, sa'an nan ki sa lambar sirri.

Na biyu, mai karɓar kuɗi ba ta sa lambar sirri. Duk wanda ya ce miki ki haska wannan ki sa lambarki don kuɗi su shigo miki, ko tallafin gwamnati ne ya ce, ko kyautar wani kamfani, to fitar da naki yake son yi.

Na uku, in ke ce mai sayarwa, kada ki saki kaya don an nuna miki hoton rasit ko saƙon alat. Ana ƙirƙirar na ƙarya. Ki buɗe asusunki da kanki ki ga kuɗin sun zauna.

Na huɗu ya shafi WhatsApp. Akwai wurin da ake haɗa lambarki da wata kwamfuta ta hanyar haska tambari. Wanda ya karɓi wayarki na minti ɗaya, ko ya yaudare ki kika haska tambarin da ya turo, zai iya zama a ɗakinsa yana karanta saƙonninki, yana kallon hotunanki, har ya roƙi kuɗi a wurin danginki da sunanki. Ga matar aure wannan ya wuce zancen kuɗi, magana ce ta sirrin gida da mutunci. Ki riƙa leƙa wurin da aka jera na'urorin da ke haɗe da lambarki, in kin ga wadda ba ki sani ba, ki cire ta nan take.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, kada kunya ta sa ki yi shiru. A kira banki a cikin sa'ar a rufe asusun, a gaya wa maigida ko wani babba a gida. Jinkiri ne ke ba ɓarawo damar kwashe sauran.

Gare ku 'yan makaranta

Ku kuma 'ya'yana na Dala da Shekara da sauran makarantun birni, akwai naku kason. Tun daga 2021 ba a yin rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN, saboda haka da yawanku kuna da takardar nan mai tambari a gefe. Kada murna ta sa ki ɗauki hotonta ki ɗora a WhatsApp ko Facebook, domin bayananki ne a ciki. Haka nan duk tambarin da kika gani a bango ko a saƙo ana cewa ki haska ki ga amsoshin jarrabawa, ko ki sami tallafin karatu, ki nuna wa malama tukuna.

Iyayenku da yawa ba su sami karatun boko ba, ku ne idonsu a wannan harka. Idan Umma za ta biya kuɗi, ki zauna kusa da ita ki karanta mata sunan da ya fito. Idan tana da sana'a, ki taimaka mata ta sami tambarin da ba ya ƙarewa. Mu kuma iyaye mu duba wannan: in masu saye suna iya samunmu ta waya su biya ta asusu, to dalilin ɗora wa yarinya tire ta yi ta yawon talla a lokacin makaranta ya ragu. A kai kaya da yamma bayan an tashi, kuɗi kuma ba su bi ta hannun yarinya ba balle su zube a hanya ko a ƙwace mata.

Kada kuma ki ɗauka kwamfutar nan mai zana tambari wani abu ne da ya fi ƙarfinki. Umarnin da ake rubuta mata bai wuce 'yan layuka ba, domin dabarar zanen a buɗe take, kowa na iya ɗauka kyauta. Irin aikin da ake ba ɗalibai masu koyon ilmin kwamfuta ne su gwada hannu, kuma ana koyar da wannan ilmi a nan Jami'ar Bayero. Yarinyar da ta iya ƙirga gidan hula ba ta ɓata ba, in ta dage da lissafi, za ta iya rubuta irinsa, ta yi wa matan unguwarsu tambari ba tare da lambobinsu sun je hannun baƙo ba.

To uwargida, sai ki ɗauko kwali ɗaya a ɗakinki yau, ki kira 'yarki, ku haska tare ku ga abin da zai fito. Wadda ke da tambaya a kan wannan ko wata sana'a ta cikin gida, sai ta rubuto mana. Allah ya sa albarka a neman halaliyarmu, ya tsare mu daga sharrin azzalumai, amin.